Aikin Famfo na Ƙarƙashin Ƙasa a Manyan Gine-ginen Legas: Abin da Ake Gamawa Kafin a Zuba Kankare

A ginin kasuwanci, ko filaza ce, ko otal, ko ofis, ko sito, aikin famfon da ya fi cin kuɗi idan ya ɓaci shi ne wanda ake binnewa kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa. Famfon da ke yoyo a bango ana gyara shi cikin awa guda. Bututun masai da ya rasa gangara a ƙarƙashin kankare da tayil kuwa sai an rufe shago, an fasa daɓe, wani lokaci har a yanke rodi. Wannan bayani na mai aikin famfo ne, da foman, da ɗan kwangilar da ke riƙe da leburorin tono, musamman mutanenmu da ke fita aiki daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende zuwa wuraren gini a faɗin Legas.

A fara daga inda ruwan zai ƙare

Yawancin Legas babu babbar magudanar ƙazanta ta gwamnati da za ka jona bututunka a ciki. Ruwan masai yana ƙarewa ne a tankin ƙazanta da sokawe, ko a injin tace ruwa na ginin ko na rukunin gidajen. Ruwan sama kuma lambatun titi yake nufa. Saboda haka kafin diga ta taɓa ƙasa, dole ka san tsayin wurare biyu: bakin shiga tankin ƙazanta, da inda bututun ruwan sama zai faɗa lambatu. Daga nan ake lissafi a koma baya zuwa cikin gini. Wanda ya fara shimfiɗa daga bayi yana gangarowa yakan iso tanki ya tarar bututunsa ya nutse ƙasa da bakin shiga, kuma ruwa ba ya hawa tudu.

Ka nemi injiniya ya ba ka alamar lebur guda ɗaya tabbatacciya, a jikin abin da ba ya motsi, kamar ginshiƙin katanga, a shafa mata fenti. Ka kuma tambayi tsayin daɓen da aka gama, wato bayan an sa tayil. Tsakanin saman kankare da saman tayil akan sami milimita 50 ko fiye, kuma wannan ɗan bambancin ne ke sa magudanar ƙasan bayi ta fito sama da tayil ko ta nutse can ciki. Duk awon da za ka yi na bututu, daga cikin ƙasan bututun ake yinsa, inda ruwa ke kwanciya, ba daga bayansa ba.

Sannan a haɗa zanen famfo da zanen rodi a teburi ɗaya. Zanen famfo zai nuna maka layi miƙaƙƙe, zanen injiniya kuma zai nuna bim ɗin ƙasa, wato doguwar kankare mai rodi da ke kwance tana ɗaukar nauyin gini, ko kan fayil, wato turken kankare da ake kafawa can cikin ƙasa, ko gindin ginshiƙi a daidai wannan layin. Duk inda suka ci karo a yi masa alama, a kai wa injiniya tun kafinta bai kafa katako ba.

Gangara

Tsohuwar ƙa'idar da masu aikin suka gada ita ce ɗaya cikin 40 ga bututu mai inci 4, wato milimita 110, da ɗaya cikin 60 ga mai inci 6, wato milimita 160. Ɗaya cikin 40 na nufin bututu ya sauka milimita 25 a kowace mita. A tsawon mita 6 zai sauka milimita 150. A ɗaya cikin 60 kuma, mita 6 za ta sauka milimita 100. Inda wuri ya matse, mai inci 4 da ke ɗauke da ruwan masai zai iya kwanciya har ɗaya cikin 80, amma nan ne iyaka, kuma a wannan gangarar kuskuren ɗan yatsa ɗaya a shimfiɗa ya isa ya tsayar da ruwa.

Ga yadda lissafin ke kama mutum a Legas. A ce bututu ya fara milimita 450 ƙasa da daɓe a bayi mafi nisa, kuma tanki yana mita 30 daga nan. A ɗaya cikin 40, saukar milimita 750 ce, don haka zai shiga tanki mita 1.2 ƙasa da daɓe. A Ikeja ko Agege, inda ƙasa ke da tudu da jar ƙasa, wannan ba komai ba ne. A Lekki, Ajah, Victoria Island da sassan Ikoyi, inda yawancin fili cikon yashi ne a kan fadama, a wannan zurfin kana iya kasancewa cikin ruwa tsundum da damina. Mafita uku ce, kuma duk a kan takarda ake zaɓarta: a ɗaga daɓen ginin, ko a raba layin gida biyu a gajarta tafiyar, ko a amince da ramin tara ruwa mai injin turawa. Idan injin za a sa, a sa guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, a kuma ja musu wutar janareto, a binne bututun wayarsu tun yanzu.

Kada a ƙara girman bututu da nufin maganin toshewa. Ruwa kaɗan a cikin bututu mai faɗi shimfiɗewa yake yi ya rasa ƙarfin tura ƙazanta. A bi girman da ke zane.

Wajen ɗaukar lebur, na'urar lebur mai ƙafa uku ko mai hasken lesa ita ce daidai. Inda babu, siririn tiyo mai ruwa yana aiki sosai muddin an fitar da iskar da ke ciki. A kafa fegi kowace mita 3, a ja igiya. Ɗora ƙaramin lebur na hannu a kan kowane bututu a ce "ya ɗan karkata" ba awo ba ne.

Kayan aiki

Bututun da ake binnewa daban yake da wanda ake saukar da ruwan rufi da shi. A kasuwar Odunade da ke Coker, da sauran kasuwannin kayan gini, za ka ga masu inci 4 kala-kala, farashinsu ya sha bamban, kuma bambancin a kaurin jikinsu yake. Na binnewa ya zama mai kauri. Idan akwai rubutun SN4 a jiki ya isa ƙarƙashin daɓe da filin da ba mota, SN8 kuma na inda motoci za su bi. A duba sunan kamfani da girma da alamar inganci a jikin bututun. Wanda ka matsa da hannu ya lotsa, ƙasa ma za ta lotsa shi. A auna tsawonsa da tef kafin a biya, domin ba kowane bututun da ake kira mai mita 6 ne ya cika ba. A ajiye su a inuwa a kan shimfiɗa madaidaiciya. Wanda ya yi makonni a rana a kan tarin bulo yakan lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen bututu ba ya karɓar gangara.

A layin ƙazanta da ke kwance, ba a jona reshe da mahaɗa mai siffar T. Mai siffar Y ake sawa, bakinta na bin inda ruwa ya nufa. Ba a kuma karya kwana da gwiwa guda mai digiri 90. A sa biyu masu digiri 45 da ɗan guntun bututu a tsakani. Wannan ya fi muhimmanci a gindin bututun da ke saukowa daga bene, inda ruwa ke faɗowa da ƙarfi. A zaunar da wannan gwiwar a kan ɗan kankare, kuma kada a jona bayin ƙasa dab da ita, domin nan ne ruwa ke tunkuɗowa baya ya ɓullo a bayin bene na ƙasa.

Tono a ƙasar Legas

Faɗin rami ya zama faɗin bututu da ƙarin aƙalla milimita 300, kusan 450 ke nan ga mai inci 4. A tona a ƙara milimita 100 ƙasa da inda bututu zai kwanta, don shimfiɗa. A fara tono daga gangare a hau sama, ta yadda ruwan da ya tsatso zai gangara inda injin jan ruwa yake.

Maganar rai a nan take. Yashin Lekki ba ya tsayawa. Ramin da ya kai mita 1.2 dole a tokare bangonsa da katako ko faranti, ko a kwantar da gefensa, kuma a jiƙaƙƙen yashi tun kafin wannan zurfin ma yana iya zubowa. Mita ɗaya ta ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, ta haura tan ɗaya da rabi. Wanda ta danne wa ƙirji ba ya iya numfashi ko da kansa na waje. A tara ƙasar da aka haƙo aƙalla mita ɗaya daga bakin rami, tifa da injin kankare su yi nesa, a sa tsani, kuma kada lebura ya shiga shi kaɗai babu kowa a sama. Bayan kowane ruwan sama a sake duba bango kafin kowa ya sauka. Foman ɗin da ya bar yaran mutane cikin rami mara tokari don a cinye aikin yini ya ɗauki alhakin da kuɗin kwangila ba zai biya ba.

Idan ruwa na tsatsowa, a tona ɗan rami a gefe mafi gangare, a zuba tsakuwa, a sa bakin injin ja a ciki. A lura da ruwan da ke fita: idan yana ɗauke da yashi, to ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho ko katangar maƙwabci kake zuƙewa. A tsaya a kira injiniya. Ruwan Legas ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ke da zaɓi ya yi tono mai zurfi da rani. Wanda ba shi da zaɓi ya buɗe iya abin da zai shimfiɗa ya gwada ya rufe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ramin da ya bi kusa da fandisho, tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, kuma ya fi shi zurfi, ana cike shi da kankare har daidai gindin fandishon. Ba a mayar da ƙasa kawai.

Shimfiɗa da jonawa

A zuba yashi mai tsabta ko ƙananan tsakuwa kauri milimita 100, a daidaita da igiya. Inda ruwa ke kwance, tsakuwa mai milimita 10 ta fi, domin yashi yana bin ruwa ya bar bututu a rataye. Ramin mita 30 mai faɗin 450, idan za a yi shimfiɗa a kuma rufe bututu mai inci 4 da milimita 150 a sama, zai ci kusan kiyubik mita 5 na yashi. A tanade shi tun da wuri, domin idan ya yanke, abin da leburori za su tura shi ne ɓaraguzan bulo.

Mummunar al'adar da ta fi yawa ita ce ɗora bututu a kan guntayen bulo don a sami gangara, sannan a tura ƙasa. Bututun zai zauna a kan wurare biyu masu tauri, tsakiyarsa babu komai. Da nauyi ya hau, tsakiyar ta lotsa ta zama kwari, ruwa ya kwanta, ƙazanta ta taru. Jikin bututu gaba ɗaya ne zai kwanta a kan shimfiɗa, a ɗan rarake gurbin kowace mahaɗa.

Ana shimfiɗawa daga gangare zuwa sama, bakin da ke da faɗi yana kallon inda ruwa ke fitowa. A yanke bututu daidai, a goge bakin da magagari a ɗan fiƙe shi. Idan mahaɗa mai zoben roba ce, a wanke zoben, a shafa man da aka yi don haka ko ruwan sabulu. Man inji da giris suna cin roba. A tura har ƙarshe sannan a ɗan janyo milimita 10 don motsi. Idan ta gam ce, dole wurin ya bushe, a shafa a ɓangarorin biyu, a tura da ɗan murɗawa, a riƙe rabin minti. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu. Ɗumama baki da wuta don a cusa wani a ciki, wanda ake yawan gani, ba shi da wuri a ƙarƙashin ginin da za a rufe da kankare.

Inda bututu ya ratsa gini

A yankin tsibiri da Lekki manyan gine-gine da yawa a kan fayil suke tsaye, ko a kan faffaɗan fandisho na bai-ɗaya. Ginin da ke kan fayil ba ya sauka, amma cikon yashin da ke ƙarƙashinsa da kewayensa yana ci gaba da zama shekara da shekaru. Bututun da aka kwantar a kan wannan cikon, aka kuma kafe kansa cikin kankare, zai sauka tare da ƙasa har ya tsinke a mahaɗa ko gangararsa ta juya. Wannan ne sanadin warin da ke tashi a wasu manyan gine-gine ba a san daga ina ba. A irin wannan wuri ana rataye bututu ne a jikin dekin ƙasa da maɗauri na ƙarfen da ba ya tsatsa, kusan kowace mita ɗaya da kuma kowace mahaɗa, ko a zuba shi cikin kankaren da ke haɗe da ginin, yadda injiniya ya tsara. A tambaye shi wannan a fili: dekin nan a kan ƙasa yake zaune ko a kan bim?

Inda layi zai ratsa bim ko bango, a sa hannun riga, wato guntun bututu mafi faɗi, kafin a zuba kankare, da sarari kamar milimita 50 kewaye. Na inci 4 yana bi ta cikin na inci 6 a matse, na inci 8 ya fi ba da wurin gyara gangara. A ɗaure shi da waya a jikin rodi, a toshe bakinsa, a sake auna tsayinsa da safiyar ranar zubi. Ba mai famfo ne ke yanke rodi ba, ko guda ɗaya. A wajen bango kuma a sa mahaɗa mai roba cikin milimita 150 daga fuskar bangon, sai guntun bututu da bai wuce 600 ba, sai wata mahaɗar. Wannan guntun ne ke ɗaukar motsi idan ƙasar waje ta zauna.

Kawunan bututun da za su fito sama da daɓe ana auna su daga layin ginshiƙai, domin bango bai wanzu ba tukuna, a kuma lissafa kaurin filasta da tayil. Yawancin masai masu zubarwa ƙasa suna son kusan milimita 300 daga bangon da aka gama zuwa tsakiyar bututu, amma a nemi takardar ainihin wanda za a saya. Kowane kai a kafe shi da guntun rodi, a rufe shi da murfi na gaske. Buhun siminti da aka cusa yakan faɗa ciki, ruwan kankare ya bi shi, ya daskare a gwiwa.

Layi uku, kada su haɗu

Ruwan masai, ruwan kicin da ruwan sama kowanne da hanyarsa. Ruwan sama idan ya shiga tankin ƙazanta, ruwa ɗaya na watan Yuni ya isa ya cika shi ya dawo da komai cikin gini. Sakin ruwan ƙazanta cikin lambatun titi kuma laifi ne a Legas, hukumar kula da ruwan ƙazanta ta jiha, LSWMO, tana bibiya, kuma ana rufe gini a kansa. Duk filazar da za a yi gidan abinci a ciki, a ja wa kicin layinsa daban zuwa akwatin tare maiƙo, kusa da kicin ɗin, a inda za a iya buɗewa a kwashe. Manja da man gyaɗa suna daskarewa a bututu tun ba su yi nisa ba. Ko ba a san wanda zai kama shago ba, a bar kai ɗaya na ruwa da ɗaya na magudana a rufe a kowane shago. Kuɗinsu kaɗan ne yanzu.

A bututun ruwan sama da ke faɗawa lambatu, a duba iya inda lambatun ke cika da damina. Idan bakin yana ƙasa da nan, a sa bawul mai hana ruwa komowa. Bututun ruwan sha kuma ya bi ramin kansa. Inda dole ya gitta na ƙazanta, ya bi ta sama da tazarar aƙalla milimita 300, babu mahaɗa a wurin gittawar. Sokawe ya nisanci rijiyar burtsatse da kamar mita 30 inda fili ya bari.

A gina cemba, wato ɗan ramin duba layi mai murfi, a duk inda layi ya karya kwana, ko ya sauya gangara, ko layuka suka haɗu. A yi mata kwarin ruwa mai santsi a ƙasa, a yi filasta ciki da waje, domin a ƙasa mai ruwa cembar da ke yoyo ruwan ƙasa take sha ta kai tanki. Tankin kansa yana iya tasowa: mai mita 3 da 2, wanda ya nutse mita 2 cikin ruwan ƙasa, ruwa na tura shi sama da ƙarfin tan 12. Kada a bar shi fanko da damina kafin a rufe shi a danne. Na roba a ɗaure shi a kan kankare, a riƙa cika shi da ruwa ana mayar da ƙasa.

Gwaji, sannan rufewa

Ba a rufe mahaɗa ko ɗaya sai an gwada. A toshe ƙarshen layi na gangare, a kafa bututu a tsaye a ƙarshen sama, a cika ruwa har mita 1.5 sama da ƙasan bututun, amma kada tsayin ruwan da ke danna ƙarshen gangare ya wuce mita 4. Idan zai wuce a raba layin. A bar shi awa 2, a ƙara ruwa zuwa alama, sannan a sa ido minti 30. Ga mai inci 4, abin da aka yarda ya ragu bai wuce lita 0.05 a kowace mita ba, wato lita ɗaya a layin mita 20, kuma bututun roba da aka jona da kyau bai kamata ya rage komai ba. A bi kowace mahaɗa da hannu. Bayan an saki ruwan, a haska tocila daga cemba zuwa cemba: da'irar haske cikakkiya ake so, ba ruwa kwance. Layin ruwan sha kuma da injin matsi ake gwada shi, ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, a bar agogon awon matsin a jiki har a gama zubi. Injiniyan da ke kula da aikin ya gani da idonsa ya sa hannu, a ajiye takardar tare da na duban matakai da jami'an LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, ke yi.

Kafin ƙasa ta hau, a ɗauki hoton kowane layi da tef a miƙe daga ginshiƙi mafi kusa, a gyara zane ya nuna inda bututu ya bi da gaske. Sai a cusa yashi gefe da gefe da hannu, a danna da katako, kada a bar rami a ƙarƙashin cikin bututu. A ci gaba da ciko mai laushi bi da bi, milimita 150 kowane zubi. Injin daɓe ba ya hawa sai an sami milimita 300 a kan bututu. A fili mara mota a bar aƙalla milimita 600 na rufi, a hanyar mota 900. Inda bai kai ba, a kare shi da kankare. Ranar zuba jaman fulo a bar layin cike da ruwa, nauyin yana hana shi tasowa, kuma mai famfo ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe yana duban alamar ruwan, domin idan baro ko injin girgiza kankare ya fasa wani abu, a wannan awar ce kaɗai za a iya gyara shi da shebur.